Tsufan Kwana Arba'in

Kawuna baduku ne a Zango. Tun ina yaro ba ni da wurin hirar da ya wuce rumfarsa, kuma ko yanzu da aikin koyarwa ya raba ni da gari, in na zo gida ranar Asabar can nake shimfiɗa buzu ina kallon basilla tana shiga tana fita. Abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Ba zan kama suna ba, domin ba tozarta mutum nake nufi ba. Amma in wani ya karanta ya ji gabansa ya faɗi, to, dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Saura kamar wata biyu Sallar Gani, wata doguwar mota baƙa ta tsaya a bakin rumfar. Alhaji ne. Ɗan gari ne, kowa ya san shi. Ya bar Zango da ƙuruciya, ya yi Legas, ya yi Kwatano, Allah ya buɗa masa. Ya gina masallaci, ya haƙa rijiyar burtsatse, kuma babu mai musun alherinsa. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Baba, barka da aiki."

"Barka kadai, ɗan nan. Saukar yaushe? Ya iyali?"

Bayan an gama gaisuwa direba ya miƙo wani abu naɗe a cikin shadda. Takobi ne, sabo fil, maƙeri ya ƙera shi da ƙarfen tsohuwar mota, ruwansa sai sheƙi yake yi. Alhaji ya ce kube yake so da hamila, domin bana zai hau a tawagar wani hakimi. Kawu ya ji daɗi. Ya sa aka ɗauko masa fatun da yake ɓoyo don manyan ayyuka: fatar jar akuya, jimar bagaruwa, wadda aka shafe da man gyaɗa aka rina da karan dafi, ja wur, in ka damƙe ta a hannu ka saki sai ta miƙe ba tare da ta riƙe alamar yatsa ba. Irinta ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan fatar Maroko, alhali akuyar Sakkwato da Maraɗi ce.

Alhaji ya shafa fatar, ya yaba. Sannan ya matso ya rage murya.

"Baba, so nake in an gama, wanda ya gan shi ya ce ya shekara ɗari."

Kawu ya ajiye basilla. Ya daɗe yana dubansa.

"Shekara hamsin da ɗoriya ina wannan sana'a. Tsoho ake kawo mini in sabunta. Yau ne farkon da aka kawo mini sabo in tsufar. Tsufan na mene ne, ɗan nan?"

Alhaji ya ce takobin kakansa ne ya ɓata, wannan madadinsa ne. Ya ce kakan nasa yana cikin baraden da suka raka Malam Musa daga Zango zuwa Daura.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Da jihadi ya zo, wajen 1805, Malam Ishaku ya karɓi Daura, sarkin garin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Gidan sarautar Haɓe ya yi ta ƙaura kafin ya kafu a Zango wajen 1825, wani reshe kuma ya zauna a Ɓaure. Kusan shekara ɗari suna waje suna kallon garinsu daga nesa, har farkon mulkin Turawa da aka ɗauko Malam Musa daga Zango aka mayar da shi kan gadon Daura. Ɗansa Abdurrahman ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sai Umar Faruk Umar. Wannan komawa ita ce abin alfaharin Zango. Gidajen da kakanninsu suka yi wannan rakiya sanannu ne, tsofaffin mata ma suna iya lissafa su a bakin turmi. Gari ne ƙarami mai dogon tunani.

Kawu ya san kakan Alhaji. Ya fi sanin ubansa, domin shekara talatin suka yi suna ciniki. Mai sayen fatu ne. Da jaki yake zagaya mahauta, daga Yardaje zuwa Ɓaure, ranar Lahadi ya ci kasuwar Mai'aduwa, wani lokaci ya leƙa ƙauyukan Magarya a tsallaken iyaka, ya tattaro ɗanyun fatu ya kawo wa majema. Sana'a ce mai wari. Alhaji yana yaro shi ke ɗauko ragowar kayan a ka, kuma na ji daga bakin sa'o'insa cewa a makarantar allo yara kan toshe hanci in ya zauna. Ina ganin wannan toshe hancin bai taɓa barinsa ba, shi ya sa ban iya jin haushinsa har zuciya. Amma uban nan yana da wata ɗabi'a da majeman Zango ke ambata har yau. Kafin a yi maganar kuɗi, sai ya ɗaga kowace fata ya kara ta da rana, ya nuna maka da yatsa inda wuƙar mai fiɗa ta zarce, da inda kaska ta ci, da inda ƙaya ta karce. Aibin kayansa shi yake fara faɗa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana nuna tabon gaskiya don kada a cuci mai saye, ɗansa ne ya zo sayen tabon ƙarya.

Kawu bai faɗi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Cewa ya yi, "Kube zan yi maka, wanda in ka rataya shi sai an tambayi wanda ya ɗinka. Tsufa kuwa ba ni da na sayarwa. Nawa ma jira na yi ya zo."

Alhaji ya yi dariyar yaƙe, ya ajiye goro, ya tashi. Auta, ɗan Kawu na ƙarshe, shi ya raka shi mota. Ya daɗe a jikin tagar. Da ya dawo, takobin na hannunsa.

Auta ba yaron banza ba ne, hannunsa ya fi na yayyensa kyau. Ya yi shekara huɗu a Kano wurin masu yi wa baƙi kayan tsaraba, can ya koyi abin da ba a koyarwa a rumfar ubansa. Ya ce, "Baba, aiki ne. In ban yi ba wani zai yi. Kuma kuɗin ya fi abin da muke samu a wata uku." Kawu ya ce, "Kube dai a nan za ka ɗinka shi. Sauran kuwa ka nemi wani wuri, ba a rumfata ba."

Kwana tara ya yi yana ɗinki. Na ga kuben ranar da ya gama shi, kuma wallahi ban taɓa ganin aikin Auta da ya kai shi ba. Ja da tsanwa, da zanen da ya danna da ƙarfe mai ɗumi, ɗinkin a jere kamar haƙoran matsefi. Kawu da kansa ya juya shi sau biyu ya ce, "Madalla." A bakinsa wannan kalma ba ta arha.

Washegari Auta ya kai shi bayan gida ya fara kashe shi.

Na bi shi na gani, domin abin ya dame ni. Da fetur ya fara, ya jiƙa tsumma ya goge jan har ya koɗe ya koma kamar ruwan zoɓon da aka tsinka. Ya bi shi da samfefa, ya bi da burushin waya. Ya dafa ganyen shayi ya yi kauri ya shafa, ya tauna goro ya goga a kan ɗinki don zaren ya daina fari. Ya ɗauko kuloko, baƙin rinin nan da ake yi da kashin maƙera, wanda in ya haɗu da bagaruwar da ke cikin fata take yin baƙi nan take, ya tsarma shi da ruwa ya ɗiga a lunguna. Ya yayyafa ruwan gishiri ya shanya a rana, don ya bar farin zobe irin na gumi. Ya naɗe shi a buhu ya yi ta jibgarsa da sarƙar babur. Ya binne shi kwana uku kusa da suri har gara ta ɗanɗana gefe ɗaya. Daga ƙarshe ya rataye shi a madafa, daidai saman murhu, inda kunkunniya ke taruwa, ya ce wa matar yayansa ta riƙa hura ɗanyen ice. Mako biyu yana shan hayaƙi. Da ya sauko da shi ya mulke shi da man shanu da toka ya goge.

Kwana arba'in cif. In ka gan shi daga taki biyar sai ka rantse daga yaƙi aka dawo da shi.

Gaskiya ɗaya zan faɗa don kada in zalunci sana'ar. Tsufar da fata a kan kansa ba laifi ba ne. A Turai da Amurka ana sayar da jaka da takalmi da rigar fata da aka koɗar tun a masana'anta, kamar yadda ake sayar da wandon jins da aka yaga da gangan, mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani. Masu shirya fim a Kano ma in za su yi labarin zamanin da, dole su nemi irin wannan. Ba wanda aka yaudara. Abin da Alhaji ke saye ba launi ba ne, kaka ne. Kuma ba shi kaɗai ke wannan kasuwa ba. Na ga irin wannan kube da yawa waɗanda ba da fata aka yi su ba. Wani da takarda ake yinsa, a buga ɗan littafin tarihin gida a raba a wurin walima. Wani a bakin maroƙi ake ɗinka shi cikin dare ɗaya. Wani kuma a kan dandali ake ɗaga shi lokacin zaɓe, ka ji mutum yana lissafa wahalar da ya sha don talakawa, waɗanda suka sha ta da gaske suna ƙasa a rana suna tafi.

Daren da za a kai aikin, Auta ya kasa haƙuri ya kawo wa ubansa. Ina jin so yake a ce masa madalla karo na biyu. Kawu bai kunna fitila ba. Ya karɓa ya rufe ido ya bi shi da yatsu tun daga baki har wutsiya.

"Ka iya," in ji shi. "Amma zo ka ji. Mai takobi a hagu yake ratayawa. Gefen da ke jikinsa shi ke shan gumin mutum da na doki, ya yi baƙi ya yi santsi. Gefen waje rana ce ke cinsa, ya koɗe. Naka duka biyun iri ɗaya ne. Bakin kube, nan inda babban yatsa ke dannawa in za a zare, shi ke fara lotsawa. Naka a tsaye yake kyam. Wutsiya tana bugun likkafa a wuri ɗaya tak, shekara da shekaru, har ta yi ƙora. Kai ko'ina ka buga. Hannu ba ya taɓa ko'ina, Auta. Inda yake aiki nan yake taɓawa."

Ya kai shi hanci. "Kuma wannan ƙaurin tuwo yake yi."

Auta ya ce ai ba wanda zai duba haka a cikin taro. Kawu ya miƙa masa abinsa.

Abin da Auta bai lura da shi ba yana rataye a saman kansa duk tsawon kwanakin nan. Gabanin Gani rumfar Kawu cika take da kayan tsofaffin gidaje: sirdi, linzami, ɗan ƙirji, majayi, kube. Kowanne sabuntawa aka kawo shi. Akwai takubban da in ka zare za ka ga tambarin maƙeran Jamus a ruwansu, irin na Solingen da suka biyo ayari ta Agadas tun kafin a haifi kakan kowa a cikinmu. Wani kubensa na biyar ke nan, wani na shida, biyu daga ciki ma Kawu ne ya ɗinka. Ruwan takobi shi ke tsufa. Kube riga ce, kuma ba a fita sallah da tsumma don a nuna an gaji arziki.

Ranar hawa na bi Auta zuwa Daura. Wanda ya taɓa ganin Gani ya san abin da nake nufi: tambura, kakaki, algaita, ƙura ta tashi har ta rufe rana, dawaki sun sha ado tun daga goshi har kuturi. Ja da tsanwa da ɗorawa ko'ina, sabuwar fata tana ɗaukar ido. 'Ya'yan gidajen da suka yi rakiyar nan da gaske suka wuce, kayansu kamar jiya aka sauke daga hannun baduku, domin kuwa jiya aka sauke. A cikin wannan tawaga duka, mutum ɗaya ne ke rataye da abu baƙi mai cin gara. Babbar rigarsa ta fi ta kowa tsada, dokinsa ya fi na kowa ƙiba.

Da aka sauka ana shan ruwa, mutane suka kewaye shi, shi kuma yana ba da labarin kakansa. Sai ga wani tsohon zagi, wanda aka ce tun farkon zamanin Sarki Bashar yake gaban doki. Ya rusuna.

"Ranka ya daɗe, a ba ni in sa albarka."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya juya wannan gefe, ya juya wancan. Ya sa babban yatsa a bakin kuben. Ya ɗan zaro ruwan takobin kamar faɗin yatsa uku, ya mayar.

"Allah ya ji ƙan mai shi," in ji shi. "Amma ranka ya daɗe, ta wane ɓangare yake ratayawa? Na ga duka biyun sun ci."

Alhaji ya ce ai abin ya daɗe.

"Haka ne, haka ne." Tsohon ya sake dubawa, kuma na rantse ba da gatse ya yi tambayar da ta biyo ba, tausayi ne a fuskarsa. "To, gidan ba su da baduku ne, aka bar shi ya lalace haka?"

Ba wanda ya yi dariya. Da an yi ma da ya fi sauƙi. Wani ya gyara murya, wani ya tuna bai duba dokinsa ba, da'irar ta watse a hankali. Na waiwaya ban ga Auta ba. A tasha na same shi, zaune a kan benci ya haɗa kai da gwiwa.

Kuben bai ga wata Ganin ba. Fetur ya riga ya tsotse man da majemi ya sa, hayaƙi ya gasa fatar, kuloko kuwa in ya yi yawa cin fata yake yi daga ciki. Fatar da ta tsufa a hannun mai ita tana shan maiƙon tafinsa kullum, shi ya sa take ƙara laushi. Wannan kuwa an yi mata fuskar tsufa an zare mata rai. Hunturu na busowa ta fara tsagewa kamar ƙasan tafki a bazara. Kafin sanyi ya wuce direba ya dawo da shi a cikin leda, gida uku. Ya ce Alhaji ya ce a gyara, in da hali kuma a ƙara masa tsufa kaɗan.

Auta ya dubi ledar bai taɓa ta ba.

Kawu ya tashi da kyar, ya shiga can ƙuryar rumfa, ya sauko da wani abu daga ƙusa. Na sha ganinsa a wurin ban taɓa tambaya ba. Burgami ne na fatar akuya. Lokacin da Alhaji ya rushe gidan ƙasa na ubansa zai tayar da bene, leburori suka kwashe tarkacen ɗakin tsohon suka zuba a juji. Kawu yana dawowa daga sallar asuba ya hango maratayin a cikin shara, ya gane ɗinkinsa. Shi ya yi burgamin, yana cikin ayyukan farko da ubansa ya sakar masa ya yi shi kaɗai, kuma sau biyu yana sake masa maratayi.

Na karɓa na duba. Ban san fata tana iya komawa haka ba. Bakinsa, daidai inda yatsan dama ke buɗewa, ya yi baƙi ƙirin yana ƙyalli kamar an zuba masa zuma. Maratayin ya sirance a wuri ɗaya, inda ya zauna a kafaɗa. Gefe guda ya yi sumul saboda gugar haƙarƙarin jaki, ɗayan rana ta mayar da shi kalar ƙasa. Akwai faci biyu, kowanne da irin zaren zamaninsa. Ya yi laushi kamar kunnen ɗan akuya. A can ƙasansa akwai aninai uku masu huda, na kafin zuwan naira a 1973. Har yanzu in ka kai hanci za ka ji gishiri da ɗanyar fata, warin nan da yara suka toshe wa hanci, wanda da shi aka biya kuɗin motar da ta fara kai Alhaji Legas.

"Ka kai masa wannan," in ji Kawu. "Ka ce na ce yana neman abin gado, ga shi. Ba a biya."

Direba ya karɓa da ladabi ya tafi.

Washegari da hantsi ya dawo. Ya tsuguna a bakin rumfa, ya kasa haɗa ido da Kawu.

"Baba, Alhaji ya ce a gaishe ka da kyau. Ya ce bai gane jakar ba."

Kawu ya ce, "To. Ka ce ina amsawa."

Ya lakato man shanu a yatsa ya bi bakin burgamin da maratayin, ya goge da tafin hannu, ya mayar da shi ƙusarsa. Daga baya muka ji an aika Kano a yi wani kuben.

Asabar ɗin da ta wuce na tarar da Kawu yana gyangyaɗi a jikin ginshiƙi. Auta ya sauko da burgamin ya ɗora a cinya, yana bin tsohon ɗinkin da farce, yana ƙirga huda nawa ubansa ya yi a faɗin yatsa ɗaya.